Ƙari Mai Kilo Goma a Cikin Jane Crawford: Ta Ina Aka Bi Aka Cire Shi, Ta Ina Za a Bi a Yau

Ranar 13 ga Disamba, 1809, aka aika wa wani likita mai suna Ephraim McDowell, mazaunin garin Danville a jihar Kentucky ta Amurka, cewa ana neman sa a wani gidan gona mai nisan mil 60, wato kusan kilomita 100. Haihuwa aka ce ta zo da gardama. Matar sunanta Jane Todd Crawford, tana dab da cika shekara 46, ta kuma sha haihuwa a baya. Cikinta ya kai girman na wata tara, ciwo irin na naƙuda yana ta murɗa ta ba sassauci, likitoci biyu da ke kanta sun tsaya a kan cewa tagwaye ne suka ƙi fitowa.

Duk wanda ya yi aiki a sashen mata a ƙasar Hausa ya san wannan labari ko bai taɓa jin sunan Kentucky ba. Mace ta shigo da ciki haihuwa yau ko gobe, ka tambayi watansa nawa, uwar miji ta ce ai ya haura shekara, kwantawa ya yi. An sha jiƙo, an sha rubutu, ana jiran ya tashi. Sai an ɗora na'urar sikanin a ga babu ɗa, wata ƙatuwar jaka ce ta tsiro daga gidan ƙwai ta mamaye cikin. Daga nan tambayar da ke gaban likita ita ce wadda ta tsaya wa McDowell shekara 200 da ɗoriya da suka wuce: ta ina za a bi a fitar da wannan abu, matar ta tashi da ranta? Aikin Jane shi ne na farko da tarihi ya riƙe inda aka buɗe ciki aka cire ƙarin gidan ƙwai mai shi ta rayu, kuma shawarwarin da aka yanke a kanta har yau irinsu muke yankewa. Shi ya sa nake son a bi shi a hankali.

McDowell ba shi da sikanin, ba shi da gwajin jini, hannunsa kawai. Abu biyu ya gano. Da ya duba ta ta gaba ya ji mahaifa wayam, babu komai a ciki, wannan ya kore zancen juna biyu. Sa'an nan ya lura ƙullutun ya karkata gefe guda, kuma in ya tura shi yana komawa ɗaya gefen ba gardama. A ganina wannan na biyun ne ya buɗe ƙofar aikin gaba ɗaya. Ƙarin da ke yawo a ciki alama ce bai manne da hanji ko bangon ciki ba, yana rataye ne ta wuya guda kamar duma a jikin yaɗonsa. In an samu an ɗaure wuyan an yanke, sauran jawowa ne. Har gobe ina cewa matasan likitoci su tura ƙarin da tafin hannu su ji ko yana motsi kafin su ruga karanta takardar hoto.

Abin da ake yi wa irin waɗannan mata a wancan zamani shi ne a soka ƙarfe mai rami a ciki a tsiyaye ruwan. Mace ta sami sauƙi na 'yan makonni, jakar ta sake cika, a sake sokawa, tana ramewa tana ƙanjamewa, har ranar da cuta za ta bi hujin ko ƙarfinta ya ƙare. Buɗe ciki kuwa manyan malaman tiyata na Birtaniya sun ɗauke shi daidai da kisa, saboda kumburin tantanin ciki da ke biyo baya. McDowell ya yi karatu a Edinburgh a 1793 zuwa 1794, ya san abin da manya suka ce. Maganin sa barci bai zo ba, sai a 1846 aka fara nuna shi a bainar jama'a a Boston. Hanyar kashe ƙwayoyin cuta a wurin tiyata ma sai a 1867 Joseph Lister ya wallafa ta.

Bai ɓoye mata komai ba. Ya gaya mata ba ciki ba ne, magani ba zai yi mata ba, in an bar abin zai kashe ta. Ya ce shi bai taɓa ganin an cire irinsa ba, bai kuma taɓa jin an gwada an dace ba, abin da zai yi gwaji ne. In ta shirya wa mutuwa, kuma za ta iya zuwa Danville, zai cire. Wannan sharaɗi na zuwa Danville mutane kan wuce shi da sauri, alhali shi ne shawarar farko a duk aikin. Bai yarda ya yanka ta a gidan gona ba, ya zaɓi inda kayansa da mataimakansa suke, inda zai riƙa ganin ta safe da yamma. Kafin a kai ga tambayar yaya za a yanka, akwai tambayar a ina. Asibitin da ba shi da ledar jini a ajiye, ba shi da ƙwararren mai sa barci, ba shi da inda zai aika nama a gwada, alherin da zai yi wa mai ƙaton ƙari shi ne ya rubuta mata takarda zuwa gaba.

Ta hau doki cikin hunturun Disamba, ta ɗora ƙarin a gaban sirdi, ta yi kwanaki a hanya.

An yi aikin ranar 25 ga wata, ranar Kirsimeti, a gidan likitan, ɗan ɗan'uwansa James McDowell yana taya shi. Aka kwantar da ita kan tebur idonta biyu. Ana ba da labarin cewa zabura ta riƙa rerawa har aka gama. Ya tsaga gefen hagu a tsaye, kamar inci 3 daga damin naman da ke bin tsakiyar ciki, tsawon tsagar inci 9, kusan santimita 23. Yana shiga ya tarar jini ya kwanta a naman bangon cikin, abin da ya danganta da gugar sirdi. Wuƙa na ratsa tantani hanji suka zubo kan tebur, kuma da yake ƙarin ya cika ko'ina babu wurin mayar da su, haka suka zauna a waje har ƙarshe. Ƙarin ya bayyana sarai, amma ya fi ƙarfin ƙofar da aka buɗe masa. Sai ya ɗaure bututun ƙwai da zare mai ƙarfi dab da mahaifa, sa'an nan ya tsaga jakar ya kwashe laba 15 ta wani abu mai kauri da yauƙi, mai launin dauɗa. Da jakar ta saki ya yanke bututun ya jawo ta, ita kaɗai laba 7 da rabi. Jimla laba 22 da rabi, kilo 10 da 'yan kai. Hanjin sun yi sanyi saboda hunturu, sai da ya wanke su da ruwan ɗumi kafin ya mayar. Ya juya ta kan gefen hagu jinin da ya taru ya tsiyaye, ya ɗinke ɗaya-ɗaya, ya bar jelar zaren da ya ɗaure bututun tana leƙowa ta ƙasan ɗinkin, ya bi da filasta. Duka-duka kamar minti 25.

Abin da ya fi kama raina a nan shi ne jerin aikin: ya ɗaure tukuna, sa'an nan ya fasa. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙari mai kilo goma ba ƙanana ba ne, duk ta wuyan nan suke bi. Da ya fara fasawa, jini da yauƙi sun cakuɗe, mace tana motsi don azaba, ba zai ga abin da zai ɗaure ba. Amma akwai abu guda da ya yi wanda a yau shi ne tushen duk muhawarar: ya fasa jakar alhali tana cikin ciki a buɗe. Ya dace ƙarin ba na ciwon daji ba ne, shekarun da ta yi bayan aikin su ne shaida. Siffar abin da ya kwaso ta fi kama da ƙarin nan mai majina, wanda shi ne ya fi kowane irin ƙarin gidan ƙwai iya yin girma. Yawancinsa ba daji ba ne, amma wani yana kan iyaka, wani kuma dajin ne, kuma ido ba ya bambance su daga waje.

A ce yau ce Jane ta shigo mana. Gwajin ciki ne farko, ko da shekarunta sun ja. Sai sikanin, kuma ba girman kawai ake nema ba. Ɗaki ɗaya ne a jakar ko ɗakuna da yawa? Bangonta sumul ne ko akwai tsiro-tsiro a ciki? Akwai dunƙulen nama? Jini yana gudu sosai a cikinsa? Akwai ruwa a warwatse a wajen jakar? Ɗaya gidan ƙwan lafiya yake? Ƙa'idojin da IOTA, wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu binciken ƙarin gidan ƙwai, ta fitar a 2008 sun jera alamu biyar na aminci da biyar na daji. Jaka mai ɗaki ɗaya tana cikin na aminci. Mai ɗakuna da yawa kuwa, ko da sumul ce, sai ta gaza santimita 10 ake ƙirga ta a can. Wato ƙato mai ɗakuna irin wanda nake kyautata zaton na Jane ne ba ya samun wannan shaidar, yana tsayawa a tsakiya.

Sai gwajin jini na CA-125, wani sinadari da kan ƙaru a jini in akwai dajin gidan ƙwai, wanda ake ɗaukar 35 a matsayin iyakarsa. Tun 1990 akwai lissafin da ake ninka makin sikanin da makin ɗaukewar al'ada da adadin CA-125; in ya haura 200, da yawa daga jagororin aiki suna cewa a miƙa matar ga masu tiyatar daji. Lissafin yana da amfani, amma a rinƙa sanin iyakarsa. Ƙari mai majina sau da yawa ba ya ɗaga CA-125 ko da ya zama daji. A ɗaya ɓangaren kuma abubuwa da yawa suna ɗaga shi ba tare da daji ba: juna biyu, ƙarin mahaifa, ciwon hanta, da tarin fuka na ciki. Wannan na ƙarshen a wajenmu ba baƙo ba ne. Mace ramammiya, ciki cike da ruwa, CA-125 ya yi sama, kowa ya yanke daji ne, ashe tibi ne da maganin watanni zai warkar. In matar yarinya ce ƙasa da shekara 40, akwai wasu gwaje-gwajen jini da ake ƙarawa don irin ƙarin da ke kama matasa.

To, hanyoyi. Tiyatar kyamara, wadda ake bi ta huji uku ko huɗu a hura iska a ciki a yi aiki ana kallon allo, ta sauya rayuwar mata da yawa. Zafi kaɗan, mannewar hanji kaɗan, ruɓar ɗinki kaɗan, mace ta koma gida da wuri. Ga ƙaramin ƙari mai alamun aminci babu abin da ya kai ta, kuma ina fatan ta yawaita a asibitocinmu. Amma ƙari mai kilo goma wani abu ne daban. Cibiyar da aka saba shiga ta nan tana zaune ne daidai kan jakar, sokar farko kan iya fasa ta, shi ya sa ake komawa ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. An shiga ɗin ma babu fili, kyamara tana kallon bangon jaka kamar wanda ya manna fuska da garu. Dole a zuƙe ruwan kafin a yi komai. In ruwa ne tsinkakke a ɗaki guda, ƙwararre zai iya. In majina ce mai kauri a ɗakuna ashirin, bututun zuƙa toshewa yake yi, kowane ɗaki sai an soka shi daban, kowace soka kuma hanya ce ta ɗiga. Ledar da ake sa ƙari a ciki kafin a jawo shi ba ta ɗaukar abu mai girman tulu.

Ɗigar nan ba ƙaramin abu ba ce. A tsarin matakan daji na FIGO, ƙungiyar likitocin mata ta duniya, na 2014, dajin da ke cikin gidan ƙwai guda bai fashe ba mataki na IA ne. In ya fashe a hannun likita ya koma IC1, wanda kan iya jawo wa mace allurar daji da ba lallai ta sha ba. Ko ba daji ba ma, irin ƙarin nan mai gashi da maiƙo in ya zube yana iya ƙona tantanin ciki ya bar mannewa.

Don haka in ni aka tambaya, mace mai shekara 46 da ƙarin da ya kai ƙahon zuciya, mai ɗakuna da yawa, tsagar tsaye zan yi a tsakiyar ciki, daga mara zuwa cibiya, in ta kama a zagaye cibiyar a hau sama. Tsakiya ta fi gefen da McDowell ya bi, don can nama ba shi da jini sosai kuma ana iya ƙara tsawo yadda ake so. Ta nan za a ɗebi ruwan wankin ciki a aika gwaji kafin a taɓa komai, a fito da ƙarin ɗungurungum bai fashe ba, a shafa hanta da mayafin kitsen da ke kan hanji, a duba ɗaya gidan ƙwan, a kuma dubi afendis, don ƙari mai majina wani lokaci daga can asalinsa yake. Hannun da ya saba da tiyatar haihuwa yana son tsagar kwance a mara, wadda wani likitan mata Bajamushe mai suna Pfannenstiel ya bayyana a 1900. Tana warkewa da kyau, zani yana rufe ta. Sai dai ba ta ƙaruwa sama. Wanda ya shiga ta nan ya tarar ƙari ya manne a saman ciki, ko dai ya fasa, ko ya ƙara wata tsagar a kan ta farko, duka biyun kuma matar ce ke biya.

Akwai hanya ta tsakiya da nake so ƙwarai, musamman inda babu kayan kyamara. Yarinya ce, jaka ɗaki guda, bango sumul, gwajin jini lafiya. A yi 'yar tsaga, a kewaye bakinta da ƙyallayen tiyata, a tsane bangon jakar, a manna masa leda mai tsabta ko a yi masa ɗinkin bakin jaka, a soka ta tsakiya a zuƙe a hankali yadda ko ɗigo ba zai koma ciki ba. Jakar ta yi laushi a jawo ta waje a ƙarasa aikin a fili. Dabarar McDowell ce ta rage kaya kafin a fitar, an ƙara mata kariyar da shi bai sani ba.

Abin da za a cire ma shekaru ke raba shi. Ga mai shekarun Jane da ta gama haihuwa, gidan ƙwai da bututun wannan gefen su tafi, a kuma yi magana tun kafin a shiga kan abin da za a yi da mahaifa da ɗaya gefen in aka tarar da daji. Ga 'yar shekara 19 kuwa ana ƙoƙarin ɓare jakar a bar mata abin da ya rage na ƙwai, in ya yiwu. A nan ne miji kan tsayar da kai a bakin ƙofa: "Likita, don Allah za ta ƙara haihuwa?" Amsar da nake bayarwa ita ce, "Malam, gida biyu Allah Ya yi mata. In ɗayan lafiya yake, ya isa, da yardar Allah." Mata da yawa tsoron wannan tambayar ne ya zaunar da su a gida har ƙarin ya kai inda ya kai.

Mai sa barci shi ma yana da nasa. Ƙaton ƙari yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya in mace ta kwanta rigingine, don haka ake ɗan karkatar da ita hagu. Sauke nauyin farat ɗaya kan sa bugun jini ya faɗi, shi ya sa ake yi a hankali, ruwa yana tafiya a hannu, jini yana kusa. Bayan aiki a tashe ta tafiya da wuri saboda daskarewar jini a ƙafa. Naman da aka cire kuwa dole ya je ɗakin gwaji, kuma dole a koma a karɓo sakamako. Gwajin gaggawa da ake yi ana tsakiyar aiki, inda ma akwai shi, yana iya kuskure a ƙaton ƙari mai majina, don ɗan yanki ake dubawa daga abu mai girman ƙwarya. Yana ci mini rai in ga an sayar da akuya an biya kuɗin tiyata, sai a kuɗin gwajin nama a ce ai an riga an cire, a tafi. Haka nan yana ci mini rai in ga matar da aka soka wa allura a ciki a wani ɗan shagon magani don a rage mata ruwa. Hanyar da McDowell ya ƙi ce tun 1809.

Kwana biyar bayan aikin McDowell ya shiga ɗakin Jane ya tarar tana gyara shimfiɗarta, ya yi mata faɗa ta kiyaye. Bayan kwana 25 ta koma gida yadda ta zo. Bai buga labarin ba sai a 1817, a wata mujallar likitoci ta Filadelfiya, bayan ya ƙara yin wasu biyu. A Landan an ƙaryata shi da farko, daga baya aka dawo aka gaskata. Zuwa 1880 wani likitan tiyata mai suna Spencer Wells shi kaɗai ya yi irin aikin sau 1,000 a Ingila.

Akwai abin da bai kamata a tsallake ba. Matan da suka biyo bayan Jane a rahoton na 1817 baƙaƙen fata ne, bayi, a jihar da doka ta ɗauke su dukiyar iyayengijinsu. Jane an gaya mata gaskiya, an bar mata zaɓi, ta hau doki da ƙafarta. Su kuwa ko sunayensu rahoton bai ɗauka ba, kuma a jikinsu aka tabbatar cewa nasarar farko ba sa'a ce kawai ba. Duk lokacin da na miƙa wa mace takardar amincewa ta sa hannu ko ta dangwala, ina so in tabbata ita ce ta ji bayanin da kunnenta, ba mijinta kaɗai ba.

McDowell ya rasu a 1830. Gidansa na Danville yana nan, an mai da shi gidan tarihi. Jane ta bar Kentucky ta koma jihar Indiana, ta rasu ranar 30 ga Maris, 1842, tana da shekara 78, shekara 32 bayan ranar da aka wanke mata hanji da ruwan ɗumi.